Babi na Shida: Ramin da Katafila ta Bari

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Acida, ya iso mararrabar Marnona, hanya biyu ke gabansa. Ɗaya ta ratsa dajin Gundumi ta faɗa Isa, ɗaya ta miƙe ta Goronyo zuwa Sabon Birni. Kowacce ya ɗauka, in ya zuba ido gefen titi a ƙarshen damina, zai riƙa ganinsu jefi-jefi: manyan ramuka jajaye, gefensu a tsaye kamar an yanka da wuƙa, cikinsu ruwa ne mai launin kunun kanwa. Wani ramin bai wuce filin ƙwallo ba, wani ya ninka haka. Awaki na zagaya bakinsa suna neman gangaren sauka, yara sun tuɓe riguna sun jibge a kan tudun tsakuwa. Babu allo, babu shinge, babu wanda zai ce ga mai shi.

Daga nan aka ɗebi burjin da aka gina titin da motar ke gudu a kai. Lissafin ba shi da wuya. Titin da faɗinsa ya kai mita 10 har da kafaɗunsa, in aka shimfiɗa masa burji mai kaurin santimita 30, kowace kilomita ɗaya za ta ci abin da tifa mai ɗaukar kubik mita 10 za ta yi sawu 300 tana kawowa. Wannan kuwa ban da cikon da ake yi inda hanya ta ratsa fadama ko ta hau gada, wanda yakan ninka haka sau da yawa. Ɗan kwangila ba ya son tifarsa ta yi nisa, domin man dizal ne ke cin riba. Saboda haka duk bayan 'yan kilomitoci sai a nemi tudun marmara mafi kusa a buɗe sabon rami. Titi ya ƙare, a yanka kyalle, a loda katafila a bayan babbar mota a wuce.

Gatawa, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Sabon Birni da Isa, ba ƙasar manyan kamfanonin haƙar ma'adinai ba ce. Ƙasar gero ce da dawa da wake a kan jigawa, da shinkafa da albasa a fadamun da gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke shayarwa kafin ruwansu ya zama Rima. Ramukan wannan yanki na burjin titi ne, da na ƙasar gini, da na yashin da masu buga bulo ke kwasa. Ƙanana ne in an gwada su da na Jos, amma a ƙasar da ruwan samanta na shekara ke tsakanin milimita 500 zuwa 700, kuma gonar gado ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta, kadada ɗaya da ta mutu abinci ne ya fita daga rumbun wani gida.

Bagobiri bai baƙunci rami ba. Ganuwar Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, daga ƙasar da aka tona a gindinta aka ɗaga ta. Kowane gari na ƙasar Hausa yana da kududdufinsa, inda aka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe. Sai dai akwai wani abu game da tsohon kududdufi da ba a cika lura da shi ba: jaki ne ya tsara shi. Tun da da diga da hauya ake tona, kuma a mangala ake fito da ƙasar, dole a bar gangare mai sauƙi wanda jaki da kaya zai iya hawa. Gangaren da jaki ya hau, yaro ma zai hau, saniya ma za ta sauka ta sha ta fito. Kududdufin yana tare ruwan da zai rushe katangu, agwagi na wanka a ciki, magina na kwaɓa ƙasa a bakinsa da rani, kuma shekara da shekaru shara da toka da laka na cike shi sannu a hankali har wata rana wani ya kafa lambu a wurin. Yana da illarsa, ta sauro da tsargiya, da kurkunun da ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina kafin a ga bayansa a Nijeriya a 2008. Amma rami ne da gari ya san da shi, yana kuma da mai tsawatarwa.

Injin haƙa ba ya bukatar gangare. Yana tsaye a sama yana zura hannu, ko ya yi wa kansa 'yar hanya ɗaya wadda ruwan farko zai cinye. Abin da gari zai shekara hamsin yana tonawa, ya gama shi cikin mako uku.

Asarar da ta fi girma kuwa a ranar farko ake yinta, tun ba a ɗebi burji ko shebur ɗaya ba. Ƙasar da ke ciyar da gero ba ta da kauri. A kan tudun marmara wani lokaci ba ta wuce taƙi ɗaya ba, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu. A cikin wannan taƙin ne komai yake: ruɓaɓɓen kara da ganye, takin da kakanni suka yi ta kaiwa a bayan jaki, irin ciyawar da ke kwance yana jiran ruwa, saiwoyin sabara da kalgo, gara da tsutsotsi da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Mai tuƙa katafila sunan wannan duka a wurinsa datti, domin injiniya ba zai karɓi burjin da ya gauraya da shi ba. Sai ya ture shi gefe, ya haɗa da duwatsu da kututture, ko ya cike wani kwazazzabo da shi. Abin da ya rage a ƙasan ramin daɓe ne wanda tayoyin tifa suka daddanne har ya zama kamar siminti. Manomi yana da sunansa: faƙo. Ruwa ya sauka a kai ya gudu, iri ya faɗa iska ta kwashe.

Yadda ake cinikin ma abin dubawa ne. Wakilin ɗan kwangila ya zo wurin mai gona, sau da yawa ta hannun mai unguwa ko dagaci, a yi tsada, ko a dunƙule ko a kan kowace tifa. Ga mutumin da bai taɓa riƙe kuɗin da ya kai haka a lokaci ɗaya ba, ga aurar da 'ya a gaba, ga bashin taki, da wuya ya ƙi. Ba za a zarge shi ba. Abin da ba a faɗa masa shi ne ba burji kaɗai ya sayar ba, ya sayar da noman wurin na shekarun da suka rage masa da na 'ya'yansa, kuma ba a sa wannan a cikin farashin ba.

Babban ramin jihar Sakkwato yana can yamma, a Kalambaina cikin ƙaramar hukumar Wamakko. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa wani teku ya taɓa ratsa Sahara ya kwanta a kan wannan yanki, kuma farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti ragowar ƙwanson halittun ruwan ne da suka taru kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A tsaunukan yankin Goronyo, a kan hanyar Sabon Birni ɗin nan, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Yau masana'antar tana hannun kamfanin BUA. An buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, aka ƙara wani mai tan miliyan 3 a Janairun 2022. Kowane tan na siminti yana cin fiye da tan ɗaya na dutse, saboda haka mai karatu ya kwatanta girman gurbin da ake bari a ƙasa kowace shekara. A tsallaken iyaka, masana'antar Malbaza ta Nijar irin dutsen nan take ci tun shekarun 1960. Buhun simintin da aka sauke a kasuwar Sabon Birni yana da raminsa a wani wuri, kamar yadda titin yake da nasa.

Irin wannan ramin na farin dutse an taɓa raya shi, kuma a Afirka. A Bamburi, kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, wani masanin aikin gona ɗan Suwizalan mai suna René Haller ya fara a 1971 da ƙasan ramin da kamfanin siminti ya ƙwaƙule har kusa da ruwan gishiri. Ya gwada itatuwa iri 26, uku suka rayu. Wadda ta fi jurewa, kasurina, ganyenta kamar allura yake, ba ya ruɓewa da wuri, sai ya zuba wata ƙadandoniya mai jajayen ƙafafu da ke cin ganyen tana kasayar da baƙar ƙasa. Yau wurin daji ne da tafkuna, 'yan makaranta na zuwa kallon dorina da raƙumin dawa.

Sai dai darasin da ya fi kusa da gida, kuma ya fi ɗaci, yana Jos. Turawa sun fara haƙar kuza a can a farkon ƙarni na 20, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an yi ta kwasar mutane aikin tilas daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, aka kai su tsaunin da sanyinsa ya halaka da yawa daga cikinsu. Haƙar ta lalata fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 300, ta bar ɗaruruwan tafkuna da tsibin ƙasa. Sai a 1946 doka ta fara tilasta gyara, aka kafa sashen raya filayen haƙa a 1948. Abin da sashen ya fi yi shi ne baje tsibin da dasa itacen turare, saboda yana saurin girma, dabbobi ba sa cinsa, kuma ana samun itacen wuta da sandunan gini. Daga nesa wurin ya yi kore. Amma da wani masani daga Jami'ar Durham ta Ingila, M. J. Alexander, ya auna ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan a shekarun 1980, sai ya tarar ba ta farfaɗo ba, tsami ma ta ƙara. Inda ya ga ƙasar haƙa ta soma komawa ta noma shi ne gindin gawo.

Da an tambayi kowane tsoho a Gatawa da ya faɗi haka ba tare da awo ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da 'ya'yansa. Suna tsaye a gindinsa suna zuba taki, saiwarsa kuma tana tara wa ƙasa sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya. Geron gindin gawo daban yake a kowace gona. Su ma tafkunan Jos, waɗanda suka fi cin moriyarsu manoman rani ne, da yawansu Hausawa, da suka kafa injin ban-ruwa a bakinsu, suka yi ta sayen tokar juji daga cikin gari suna zubawa, har ƙasar da aka yanke wa ƙauna ta koma ba da latas da kabeji da karas da ake lodi zuwa kudu. Babu wata hukuma da ta tsara musu wannan.

Akwai kuma ramin da ba a maganar shuka a cikinsa sai an fara ceton rai. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake daka dutsen zinari a cikin gida, a turmin da ake daka hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. Gyaran da aka yi a Dareta da 'Yargalma da sauransu, daga baya kuma a Bagega a 2013, kankare saman ƙasar tsakar gidaje ne da hannu, a binne ta a rami na musamman, a kawo mai tsabta a shimfiɗa, kafin likitocin ƙungiyar MSF su iya ba yaran magani. Ramukan burji ba su da irin wannan guba, kuma wannan sa'a ce babba: gyaransu aikin ƙasa ne da ruwa da taki kawai.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisin haƙa ko na fasa dutse ya gabatar da tsarin yadda zai gyara wurin tun kafin ya fara, ya zuba kuɗi a asusun da aka ware don haka, ya kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ke wurin. Akwai dokar auna illar ayyuka ga muhalli tun 1992, akwai ƙa'idojin hukumar NESREA na 2013 kan fasa dutse. A kan takarda babu abin da ya rage. Amma ma'aikatar da ke da iko da ma'adinai tana Abuja, jami'anta a jiha 'yan kaɗan ne, ramin burji kuwa yakan buɗe ya rufe kafin wani ya san da shi. Gwamnatin tarayya da kanta ta ƙirga tsofaffin wuraren haƙa da aka yi watsi da su fiye da 1,000, kuma ramukan gefen titi ba sa cikin irin wannan ƙidaya.

Wanda ke neman yadda ake tayar da faƙo ba sai ya je Kenya ba. Ya tsallaka iyaka kawai, wurin dangi. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri tsatso ɗaya ne: bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Turawa ne suka ja layi a tsakani. A wancan gefen layin, fari na 1973 da na 1984 ya koya wa mutane abin da har yanzu ba a ɗauka da muhimmanci ba a wannan gefen.

A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya ɗauki nauyi a Ilela ta jihar Tawa a Nijar ya kai manoma 13 yankin Yatenga na Burkina Faso, inda suka ga yadda ake noma a cikin 'yan ramuka a kan ƙasar da ta mutu. Da suka dawo suka gwada a 'yan kadada kaɗan, suka kira abin tassa. Shekarar da ta biyo ruwa ya yi ƙaranci, sai ya zama gonakin tassa ne suka ba da amfani. Ba a bukaci wani mai wa'azi ba bayan haka. Cikin shekara goma aka tayar da dubban kadada, har faƙon da a da ba mai karɓarsa kyauta ya koma abin saye da sayarwa.

Aikin yana da sauƙin faɗa, yana da wuyar yi. Da rani, lokacin da ƙasa ta fi tauri, mutum ya sa diga ya tona rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfin kamar taƙi, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen da ruwa ke gangarawa don ta tare shi. Ya yi taku ɗaya ya sake tona wani, layi-layi, ana saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. A kowane rami a zuba taki cikin tafi biyu. Daga nan sai a bar wa iska da gara. Iskar bazara na kwaso yashi da ganye tana zubawa a ciki. Gara kuwa, wadda manomi ya saba tsine wa, tana jin taki sai ta taso daga ƙasa ta huda faƙon da ɗaruruwan ƙofofi, kuma ta waɗannan ƙofofin ruwan farko ke nutsewa maimakon ya gudu. Abin da ƙadandoniya ta yi wa Haller, shi gara ke yi wa mutumin Ilela. Inda ake son ciyawa da itace sai a yi babbar yayar tassa, wadda ake kira rabin wata: rami mai siffar jinjirin wata da ya buɗe baki yana fuskantar tudu, faɗinsa kamar mita 4, kusan 300 a kadada ɗaya.

A Maraɗi kuma wata dabarar ce ta yi suna. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturen manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna kimanin kadada miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, wajen miliyan 200. Amma a nan dole a yi hattara, domin masu son dabarar sukan wuce gona da iri. Sassaben zamani da saiwa mai rai yake aiki, katafila kuwa ta tumɓuke saiwar. A bakin rami zai yi, a cikinsa ba zai yi ba sai an mayar da ƙasar saman da aka ture.

Wanda ya fi dacewa da ramin burji shi ne gwajin da cibiyar ICRISAT ta yi a Sadore kusa da Yamai, a kan marmarar da aka bari. An fasa daɓen, aka yi rabin wata aka dasa magarya mai aure, wadda 'ya'yanta suka kusa ƙaramin tuffa, da zogale, a tsakaninsu kuma tassa cike da kuɓewa da yakuwa da tafasa. Ƙungiyoyin mata aka ba filayen, da takarda daga masu gari, saboda ƙasa ce da maza ba sa takara a kanta. Marubucin wannan littafi yana ganin takardar nan ta fi irin shukar muhimmanci. Matan da suka shekara uku suna fasa dutse da diga, ranar da wurin ya yi kore mai gona na asali zai tuna cewa gadonsa ne, in ba a rubuta komai ba tun farko.

To, a ce ga rami a bayan wani ƙauye na gundumar Gatawa, jama'a sun yi niyya. Tambayar farko da za a yi wa tsofaffi da makiyaya ita ce wata nawa yake riƙe ruwa. In yana kaiwa tsakiyar rani, kuskure ne a cike shi. A yankin da zafin rana ke shanye fiye da mita 2 na ruwan tafki a shekara, ramin da ya iya riƙe ruwa dukiya ne. Sai a karya gefensa ya kwanta, taku uku a kwance ga kowane taku ɗaya na zurfi, a ware mashayar dabbobi a gefe ɗaya a daɓe ta da tsakuwa, a dasa gamba a kewaye don ta riƙe ƙasa ta tace laka, a zuba tarwaɗa da karfasa su rage tsutsar sauro. A kuma gaya wa iyaye gaskiya cewa ruwan kwance gidan tsargiya ne, yaron da ya fara fitsarin jini asibiti za a kai shi, akwai magani. In kuwa ramin na ƙafewa da wuri, to gona ce ko makiyaya ke jira. A fasa daɓen, a baje duk abin da ya rage na tsohuwar ƙasar saman, a yi tassa. Geza da sabara da aduwa da bagaruwa sun saba da tsakuwa, gawo kuma a sa shi inda ƙasa ta fi zurfi. Shekara biyu na farko sai da shingen ƙaya da mai gadi, domin akuya ɗaya na iya share aikin wata guda da hantsi.

Taki shi ne abin da zai yi wuya, kuma a nan maganar ta taɓo ciwon da ke damun yankin. Hanyar da kakanni suka bi suka raya mataccen fili ita ce a kira Bafulatani ya sauka da garkensa bayan girbi, shanu su kwana a wurin, a ba shi dame, a sha nono. Kashin shanu da na awaki yana ɗauke da 'ya'yan gawo da bagaruwa waɗanda cikin dabba ya riga ya tausasa ɓawonsu, suna jin ruwa sai tsiro. Wannan amana ce rikicin shekarun nan ya karya. An sace garkunan manoma da na makiyaya, gonakin nesa da gari sun koma daji, ƙauyuka na biyan harajin 'yan bindiga kafin su yi noma. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansa. Mutanen da ke kwana da takalmi a ƙafa ba za a tsaya ana yi musu lacca kan gangaren rami ba.

Duk da haka, tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suna gudun hijira a yankin Gidan Runji na jihar Maraɗi, wasu a garuruwan da aka tsugunar da su kamar Cadakori da Garin Kaka. Kullum suna ratsa gonakin da aka bar wa gawo da kalgo suka tashi, suna jin yadda maƙwabtansu ke maganar tassa da rabin wata da harshen da ba ya bukatar tafinta. In Allah ya kawo lafiya suka koma gida, da wannan ilmin za su koma. Kuɗin aiki ma akwai inda za a nema: shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021, na dala miliyan 700, an yi shi ne don raya kadada miliyan ɗaya a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Sakkwato na cikin jihohin da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ke aiki.

Zaman lafiya kuma da kwangilar tituna yake zuwa, wato da sababbin ramuka. Su ne masu sauƙin gyara, in an yi magana kafin tifar farko ta shiga. A zauna gaban hakimi a rubuta cewa za a kwashe ƙasar saman ita kaɗai a tara ta gefe, tsibin kada ya wuce tsayin mutum, domin in ya yi tudu da yawa abin da ke cikinsa mai rai yakan mutu. A rubuta iyakar zurfi. A rubuta cewa kafin a loda katafila za ta kwantar da gefen ramin, ta sa haƙoranta na baya ta farfasa daɓen, ta mayar da ƙasar, kuma hukumar da ta ba da kwangilar ba za ta biya kason ƙarshe ba sai injiniyanta da mai gona sun taka wurin da ƙafa. Ga rami matsakaici, aikin 'yan kwanaki ne ga injin da ke tsaye a wurin da direbansa da mansa. In ya riga ya hau babbar mota ya koma Sakkwato, kuɗin dawo da shi kaɗai ya fi abin da aka biya mai gonar.